Gawayin Maiganga: a ƙirga buhuna kafin a koma ƙirga kututture

Maiganga biyu ce, kuma kowacce da irin baƙin abin da take fitarwa. Akwai ta jihar Gombe a Najeriya, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Akko, inda kamfanin siminti na Ashaka ke haƙo kwal daga ƙasa yana ƙonawa a masana'antarsa. Akwai kuma tamu, babban garin gundumar Mbere a nan Adamawan Kamaru, wadda Nasara suka rubuta Meiganga. Mu ba mu da ramin kwal, duk faɗin Kamaru ma ba inda ake haƙo shi don kasuwa. Namu gawayin na itace ne. Daga daji yake fitowa, a kan babur da keke da kan mata, wani ya tsaya a kasuwar gari, wani ya hau saman manyan motocin da ke bin titin Garwa-Bulai zuwa Ngaundere. Kamfanin da ke haƙa rami dole ya san tan nawa ya fitar, domin da wannan lissafi zai biya ma'aikata, da shi kuma zai biya gwamnati. Namu kuwa fita kawai yake yi, buhu bayan buhu, rani da damina, ba littafi ba alƙalami.

Abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu 'yan'uwana daɗi ba, musamman masu sana'ar. Ya kamata gwamnati ta ƙirga gawayi: nawa ake ƙonawa, a wane daji, da wane itace, ina ake kai shi, nawa ake saye a bakin daji kuma nawa yake kaiwa hannun uwargida. Ta riƙa yi duk shekara, ta kuma fito da sakamakon fili kowa ya gani. Na san da jin haka mai gawayi zai ce ga malamin makaranta zai jawo mana haraji. A yi haƙuri a bi ni, zan zo kan wannan.

Mu fara da tambayar wa ke cin abinci da gawayi. Mai shayi da asuba. Mai tsire da yamma. Maƙeri, wanda ba ya ƙira sai da gawayin kirya in ya samu. Mai wanki da guga, musamman ranar da babu wuta, ga ranakun nan kuwa ba su da wuyar samu. Mai gasa masara, mai gasa kifi, da matar ɗan haya da ke da ɗaki ɗaya da baranda, wadda mai gida ya hana ta hura icce saboda hayaƙi. In damina ta zauna icce ya jiƙe, har masu murhun duwatsu uku sai su koma kurfoti. A watan azumi buƙata ta ƙaru, da layya ta ninka. Duk wanda ya san unguwar Briketeri a Yawunde ko New Bell a Duwala ya san sana'o'in da Hausawa suka fi riƙewa a garuruwan ƙasar nan, kuma ya san da yawansu a kan garwashi suke zaune. Ranar da gawayi ya yi tsada ko aka wayi gari an hana shi, mu ne za mu fara ji a jika. Saboda haka wannan magana tamu ce kafin ta zama ta masu taro a otel.

To, ba wai babu alƙaluma gaba ɗaya ba. Akwai binciken da cibiyar nazarin dazuzzuka ta CIFOR ta yi tare da ma'aikatar gandun daji da namun daji, aka fito da shi a 2013. Ya nuna cewa biranen Kamaru na cinye icce wajen tan miliyan 2.2 a shekara, da gawayi sama da tan 350,000, kuma sana'ar icce da gawayi na ɗaukar mutum wajen 90,000 aiki. Har gobe waɗannan alƙaluma ake jawowa a taruka da rahotanni.

Bari in yi irin abin da nake yi da 'yan aji shida a kan allo. Wanda ya ji tan 350,000 a gefen miliyan 2.2 zai ce ai gawayi ƙaramin abu ne, kashi ɗaya cikin shida. Amma gawayi ba ya faɗowa daga sama. In an jera icce aka rufe da ciyawa da ƙasa aka sa wuta, irin yadda ake yi a dajinmu, mafi yawan nauyin iccen tafiya yake yi a hayaƙi da tururi. Masana kan ɗauki kilo 6 na icce a kan kilo 1 na gawayi a matsayin tsaka-tsaki, in mai ƙonawa bai gwanance ba ya fi haka. Ninka 350,000 sau 6, ka samu tan miliyan 2.1. Ka ga ke nan iccen da aka ƙona aka yi gawayin birane ya kusan kai duk iccen da biranen suka hura kai tsaye. Mu sauko gida. A ce buhu kilo 40 ne. Icce kilo 240 ke nan. A ce gida na cinye buhu ɗaya a wata: kilo 2,880 a shekara, kusan tan 3. A ce gida dubu ne ke haka a gari: tan 2,880 na icce. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya wannan lissafi. Sai dai ka lura sau nawa na ce "a ce". Kowace "a ce" ɗin nan wuri ne da ya kamata a samu adadi na gaskiya, wanda wani ya ɗauki sikeli ya je kasuwa ya auna.

Buhun ma ai ba ɗaya ba ne. Akwai wanda aka ɗinke baki, akwai wanda aka yi wa hula da ganye da igiya har ya kusan ninka tsayinsa, akwai mai duwatsu da gari a ƙasa. Daga buhu a sauko bokiti, a sauko kwano, a sauko ƙullin leda na ɗari ko na hamsin. Mai sayen ƙulli, wato talaka, shi ya fi kowa biya da tsada in aka mayar da abin kilo, amma tun da ba a aunawa, ba ya ma gane an fi tatsarsa.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, tana aikinta, kada a ce na ci haƙƙinta. Binciken halin zaman iyalai da take yi, wanda ake kira ECAM, an yi shi a 1996, 2001, 2007, 2014, sannan 2021 zuwa 2022, kuma a ciki ana tambayar gida da me yake girki. Wannan na gaya mana gida nawa cikin ɗari ke amfani da icce, nawa gawayi, nawa gas. Abin da ba ya yi shi ne bin buhun a baya, daga kurfoti zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa bakin titi, daga bakin titi zuwa gindin bishiyar da aka sare. Kuma alƙaluman na ƙasa ne da na yanki, ba na gari ba. Ga kuma wata matsala a ƙarƙashi: an ƙirga 'yan Kamaru a 1976, 1987 da 2005, sakamakon na 2005 bai fito ba sai 2010, daga nan aka yi shekara kusan ashirin ana hasashe. In yawan gidajen hasashe ne, yawan gawayin da suke ci ma hasashe ne a kan hasashe. Hatta alƙaluman da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bugawa a kan icce da gawayin ƙasashen Afirka, da yawansu ƙiyasi ne na ofis, domin ƙasashen ba su aika ma'auni ba.

Yanzu a duba abin da ya faru a Mbere tun bayan wancan bincike na 2013. Yaƙi ya ɓarke a Afirka ta Tsakiya, a 2014 dubban mutane suka tsallako, aka buɗe sansanin Borgop wajen Johong, da na Ngam a ƙasar Maiganga, da na Gado kusa da Garwa-Bulai, wasu da yawa kuma suka zauna cikin gari da ƙauyuka a wurin dangi. Titi ya samu kwalta, motar da a da kan kwana a taɓo yanzu tana kai Ngaundere cikin 'yan awoyi. Wuraren haƙar zinariya sun tara jama'a, kowa kuma sai ya ci abinci. Garin ya faɗaɗa, unguwanni sun shiga inda a da gonaki ne. Duk waɗannan sun taɓa daji. Amma wanne ya fi taɓa shi?

Nan ne rashin lissafi ke zama zalunci. Zauna a kowace majalisa ka ta da maganar daji, kafin shayi ya huce za a ce maka 'yan gudun hijira ne suka cinye shi. Wata majalisar a ce Mbororo ne masu sassabe rassa don shanu. Wata a ce manoma ne masu share sabuwar gona su sa wuta. Kowa na nuna wanda ba ya wurin. Mai yiwuwa kowane na da kasonsa, amma kason da ba a auna ba, a kan marar baki ake jibge shi. Matar da ta gudo daga Bokaranga ko Bwar da 'ya'ya biyar, take tsintar ƙirare tana ɗan ƙona buhu ɗaya ko biyu don ta sayi sabulu, ita ake gani, domin a ka take ɗauka ta bi ta gaban kowa. Wanda ya ba da kuɗi aka shiga da injin yanka aka kwantar da bishiya hamsin, aka loda mota da dare, shi ba a ganinsa. Ƙidaya ta gaskiya za ta raba waɗannan biyu. A gari irin namu, inda Gbaya da Fulani da Hausawa da baƙi ke zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma manya ba su manta rikicin farkon shekarun 1990 ba, zargin da ba shi da hujja ba abin wasa ba ne.

Sannan ba kowace bishiya ce ɗaya ba. Mai gawayi ba ya son icce mai laushi, mai nauyi yake nema wanda garwashinsa zai daɗe: kirya, marke, baushe, namijin kaɗe. In waɗannan sun yi nisa sai a waiwayi abin da ke kusa, har maje da ɗorawa da kaɗanya. To su waɗannan bishiyoyi akwai masu ci da su tun kafin gatari ya zo. Zumar Adamawa da ake alfahari da ita har Duwala, a kan bishiyoyin nan ake rataye amya, furensu ƙudan zuma ke sha. Makiyayi na buƙatar ganye da rani. Mata na buƙatar kalwa da man kaɗe. Bishiyar da aka mayar buhu uku sau ɗaya za a sayar da ita, alhali da tana tsaye duk shekara tana biya. Ba ina cewa kada a ƙona gawayi ba, ni ma da shi ake dafa mini tuwo. Ina cewa ƙidayar da ba ta tambayi wane itace ba, rabin aiki ta yi. Kuma mai sayarwa ya sani, da ya ɗaga gawayi ya ji nauyinsa ya ji ƙararsa zai gaya maka ko kirya ce. Tambayarsa kawai ba a yi.

To, mu zo kan tsoron haraji, don tsoro ne mai tushe. Kakanninmu sun san ƙidayar shanu, sun san jangali ke biyo ta. Sun san ƙidayar kawuna, sun san kuɗin ƙasa ke biyo ta. Shi ya sa har yau in baƙo ya shigo da takarda da biro, garken shanu ɗari sai ya koma ashirin. Mai gawayi ma yana da dalili na musamman. A dokar gandun daji, ta 1994 da sabuwar da ta maye gurbinta a 2024, ɗibar icce don amfanin gida daban, sayarwa daban: mai kasuwanci sai da izini. Takardun izinin kuwa ba a tsara su don mutumin ƙauye mai buhu biyar ba. Sakamakon haka kusan duk ƙananan masu sana'ar a wajen doka suke aiki, sun kuma san haka. Ka ce wa irin wannan mutum ya faɗi buhu nawa ya ƙona bana, kamar ka ce ya rubuta ƙarar kansa ne.

Amma tambayata ga ɗan'uwa mai gawayi ita ce: yanzu da ba a ƙirga ka, kyauta kake wucewa? Kai ka fi ni sanin abin da ake ajiyewa a hanya, shinge bayan shinge, ba rasit. Harajin kana biya, sai dai ba ya shiga baitulmali, ba ya gina aji, ba ya dasa bishiya ko ɗaya, gobe kuma ana iya ƙwace kayan duk da ka biya jiya. Duhun da kake ganin yana ɓoye ka, wanda ke karɓa a hannunka ya fi ɓoyewa. Sana'ar da ba ta cikin littafi ba ta da wakili ranar da ake yanke hukunci a kanta.

Sharaɗin dai shi ne a raba mai ƙirga da mai kamawa. Wannan shi ne ginshiƙin maganata. Idan aka ba ma'aikacin gandun daji mai kaki takardar tambayoyi, shi da aikinsa shi ne kame da tara, ba wanda zai gaya masa gaskiya, kuma ban ga laifinsu ba. Aikin na hukumar ƙididdiga ne da ma'aikatar magajin gari. Dokar da ke tafiyar da aikin ƙididdiga a Kamaru, ta watan Yuli 2020, ta tanadi sirri: bayanin da mutum ya bayar don ƙididdiga ba a ɗaukarsa a kai wa mai haraji ko mai gurfanarwa. Mutum nawa a kasuwar Maiganga suka taɓa jin wannan? A fassara musu da Hausa da Fulatanci da Gbaya da Sango, a faɗa a rediyo, a faɗa a fadar lamiɗo. Takardar ma kada a sa gurbin suna. Buhu muke son ƙirgawa, ba Malam wane ba.

Wanda ke ganin zama a duhu ya fi aminci, ya tuna Cadi. A farkon 2009 gwamnatin can ta tsananta haramcin gawayi don hana kwararowar hamada. Niyyar ba laifi. Amma an yi ba tare da an tanadi abin da zai maye gurbinsa ba, gas bai wadata ba, bai kuma kai hannun talaka ba. Mutanen Njamena suka koma hura kashin shanu da ƙwallon goruba, wasu har kujerun gidansu, mata suka fito zanga-zanga, gawayi ya koma kayan sumoga daga Kusiri, wato dajin Kamaru ya ɗauki nauyin. Gwamnatin da ta san tukunya nawa ke kan gawayi a babban birninta, da tulun gas nawa ke cikin ƙasa, da wuya ta yi haka dare ɗaya. Haramcin gaggawa ɗan rashin sani ne. Ranar da wani babba ya bi titin nan ya ga kututture ya fusata, in babu alƙaluma a gabansa, abin da zai zo masa a rai shi ne a hana. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

Akwai wata hanya, kuma maƙwabtanmu Hausawa ne suka bi ta. A Nijar, tun ƙarshen shekarun 1980, kafin a taɓa doka sai da aka yi ƙidaya. An zaunar da mutane a hanyoyin shiga Yamai suna rubuta duk motar icce, duk amalanke, duk raƙumi da jaki, daga ina, nawa. An auna dazuzzukan da ke ciyar da birnin, aka ga nawa suke tsirowa a shekara. Aka yi wa Maraɗi da Damagaram irin wannan. Daga nan dokar 1992 ta kafa kasuwannin icce na karkara: ƙauye ya kafa kwamiti, a iyakance masa daji, a yanka masa adadin da zai sara a shekara gwargwadon abin da dajin zai iya mayarwa. Mai mota ya saya a kasuwar ƙauyen, ya biya haraji a nan, a ba shi takardar wucewa. Kuɗin a raba tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmali, wani kaso a mayar wa dajin. Wanda ya ɗebo daga dajin da ba a tsara ba, harajinsa ya fi yawa. Dajin Baban Rafi a kudancin Maraɗi na cikin wuraren da aka yi wannan. Tsarin bai zama aljanna ba, inda kuɗin masu tallafi ya ƙare sa ido ya yi rauni, wasu kwamitoci kuma sun ci amana. Amma mai saran icce ya tashi daga ɓarawo ya zama mai sana'a da takarda, kuma abin ya faro ne daga mutum zaune a bakin hanya da littafi.

Ko Amurka, da muke ganin ta wuce wannan, sai da ta sha wuyar ƙarancin man fetur a 1973 ta gane ba ta san makamashinta yadda ya kamata ba. A 1977 ta kafa hukuma ta musamman mai tattara bayanan makamashi, wadda ke fitar da ƙiyasin kwal ɗin da aka haƙa duk mako, da rahoton inda aka kai shi da farashinsa. Abin da ya burge ni a dokarsu shi ne hukumar ba ta neman izinin minista kafin ta buga alƙalumanta, kuma ba ita ke kama kowa ba.

Mu a Adamawa har yanzu muna da sauran daji, wannan ne ma ke ruɗar mu. A gangara dutsen Ngaundere a bi ta Mbe, Gamba, Guna, Ngong har Garwa, a ga buhunan da ke jere bakin titi, a tuna cewa gefen wannan titi gandun namun daji na Binuwai yake. A wuce Marwa a ga yadda icce ya zama kayan nesa, har aka farfaɗo da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a 2008, har aka shiga gwada kawo gawayin ragowar katakon masana'antun yankin Gabas, da tallafin hukumar Jamus ta GIZ, don a rage wa dajin Arewa Mai Nisa nauyi. Dabara ce mai kyau, ragowar da a da ake ƙonawa a banza. Amma ko za ta yi nasara ya dogara ne ga farashi: gawayin da ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da takardu zai yi takara da wanda aka sara a bayan gari ba takarda. In ba a bin farashin biyun wata-wata, ta yaya za a san inda ya kamata a sassauta? Haka batun gas. Gwamnati ta tsayar da kuɗin cika tulu mai kilo 12.5 a sefa 6,500 tun 2014, tana cike gibin da tallafi, ta kuma sa wa kanta burin kashi 58 cikin ɗari na jama'a su koma girki da gas nan da 2030. Madalla. Sai dai gidan da ya sayi tulu ba lalle ya ajiye kurfoti ba. Gidaje da yawa shayi da ɗumame a kan gas, wake da ganda a kan gawayi. Ƙirga tulun da aka sayar ba zai nuna ko daji ya samu sauƙi ba. Ƙirga buhun ne zai nuna.

Aikin kuma ba wani gagarumi ba ne. Hanyoyin shiga Maiganga ba su da yawa. Mako ɗaya da rani, mako ɗaya da damina, a zaunar da matasa biyu-biyu a kowace hanya, dare da rana, ba kaki ba sanda ba igiyar tare hanya, su rubuta abin da ya shigo da abin da ya wuce. A kasuwa a sami sikeli a auna buhu talatin, bokiti talatin, ƙulli talatin, a fitar da matsakaici. A tambayi farashi a wuri huɗu: wurin ƙonawa, bakin titi, rumfar dillali, teburin mai ƙulli. A zaɓi gidaje da masu shayi da masu tsire a auna abin da suka ƙona cikin kwana bakwai. A yi haka a Johong da Ngawi da Dir. Muna da makarantar ilimin ƙasa da haƙar ma'adinai ta jami'ar Ngaundere a cikin garin nan, cike da ɗalibai masu neman abin da za su rubuta a kai. Muna da malamai da ke zaune lokacin dogon hutu. Sarkin kasuwa da jauro na kowane ƙauye su shige gaba, don a san ba tarko ba ne. Hukumar ƙididdiga ta tsara takardar ta duba lissafin, domin a yi iri ɗaya a Garwa da Ngaundere da Tibati, a iya gwada wannan gari da wancan. Kuɗin duka bai kai na taron bita guda mai jaka da riga da kuɗin zama ba.

Abin da na fi nacewa a kai shi ne sakamakon ya dawo gida. Mun gaji da masu zuwa da farar mota su yi tambayoyi su tafi, rahoton ya fito da Faransanci ko Turanci a intanet, wanda aka tambaya bai taɓa jin ƙarshen zancen ba. A manna shi a allon ma'aikatar magajin gari, a karanta a rediyo da harsunan gari, a kawo mana makaranta mu koyar da kashi cikin ɗari da shi maimakon misalan tuffa da jirgin ƙasan da yaranmu ba su taɓa gani ba. Mai ƙonawa a ƙauye ya ji nawa buhunsa ke kaiwa a Ngaundere, ya san yadda zai yi ciniki da dillali. Mai zuma ya zo da hujja in ya ce a bar masa wani yanki.

Mu ma akwai namu. 'Yan'uwa dillalan gawayi, kuna da littafin bashi, ba wanda ya koya muku, kuma ba ya kuskure. Ku ƙara shafi ɗaya: buhu nawa ya shigo yau, daga wane ƙauye, nawa aka saya, nawa aka kashe a hanya. Ku haɗu ku yi rajistar ƙungiya, doka ta ba da dama tun 1992, ku riƙe jimillar a hannunku. Ranar da aka kira taro a kan gawayi, wanda ya zo da littafi ba a yi masa tsawa kamar wanda ya zo da rantsuwa.

Dokar raba iko ta Disamba 2019 ta sa kula da kasuwanni da dashen itatuwa cikin ayyukan ƙananan hukumomi, ke nan ba sai an jira Yawunde ba kafin a fara. Majalisar gari kan zauna kan kasafin kuɗi a ƙarshen shekara, kansilolinmu kuwa mun san gidajensu, tare muke zuwa suna da jana'iza. Kafin zaman bana, kowa ya tambayi na unguwarsu ko zai nemi a sa layi ɗaya a kasafin: sikeli biyu, littattafai, da alawus ɗin matasa ashirin na mako biyu.